Ƙafar Sarkin Ruwa

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Habila, shi ne Sarkin Ruwan garin. Kada ku ji an ce sarki ku zaci mai doki ne da rawani. Sarautarsa duka ba ta wuce tafki ɗaya ba, da wata doguwar sanda da ya gada wurin mahaifinsa, wadda aka yi wa tsaga-tsaga don auna zurfin ruwa. Gajeren dattijo ne mai furfura, ba shi da yawan magana, amma in ya ce a'a, ko mako za a yi ana roƙonsa, a'ar nan za a tarar tana jira.

Ga yadda al'adar garin take. Da damina ta ɗauke, sai a rufe tafkin: ba mai jefa ƙugiya, ba mai sa homa, wato ragar nan ta hannu da ake kamun kifi da ita, har sai kifi ya girma. Idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, Sarkin Ruwa ya sa ranar su, wato kamun kifi na gayya, a yi shela a kasuwa. Ran nan mutanen ƙauyuka bakwai za su zo, kowa da homarsa da goransa, su kewaye tafkin. Ba a busa ƙaho, ba a buga ganga. Alama ɗaya ce tak. Sarkin Ruwa zai tuɓe takalmi, ya sa ƙafarsa cikin ruwa. Da ƙafar ta jiƙe, sai kowa ya afka. Kafin rana ta take, tafkin ya zama kunun laka, ko jaki ba zai sa baki ba, sai wata daminar ta sake cika shi. Wannan bai taɓa damun kowa ba, gama garin yana da rijiyoyi uku.

Sai ya zama wata shekara ruwan sama ya ɗauke da wuri. Kafin bazara ta kai tsakiya, rijiyoyi biyu suka ƙafe, ta ukun kuma in an zura guga sai ta dawo da jiƙaƙƙen yashi. Tafkin ma ya ja baya har ya rabu biyu, babban gurbi a gefen gari, ƙaramin gurbi can ƙetare wajen giginyu. Gari duka ya koma kan tafkin. Mata suna ɗiba a babban, dabbobi suna sha a ƙaramin.

Kowace safiya Habila yakan hau wani falalen dutse da ya shiga cikin ruwan, ya zura sandarsa, ya duba inda jiƙa ta tsaya. Ya yi kwana bakwai yana haka, sa'an nan ya gane abin da ke nan. In aka bar ruwan ya kwanta, zai kai gari kwana hamsin, kuma kafin nan ana sa ran hadari. In kuwa aka yi su, to rana ɗaya ta isa a rasa shi duka.

Bai tara mutane a dandali ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi gari gida gida, ya zauna da kowane maigida a ƙofarsa, ya nuna masa tsagar da ruwa ya kai. Ba wanda ya yi masa musu. Kowa ya gyaɗa kai ya ce, “Gaskiya ne, Sarkin Ruwa. Ai kifi ba ya maganin ƙishirwa.”

Gida na ƙarshe da ya je shi ne na surukinsa, Zakka maƙeri, mijin 'yarsa Lami. Zakka ƙato ne, ƙirjinsa ya yi biyun na Habila, amma tun ranar da ya fara neman Lami bai taɓa amsa gaisuwar Habila a tsaye ba. Da ya hango shi, sai ya ajiye guduma, ya cire takalmi, ya tsuguna, kansa a ƙasa. A lokacin kuwa Lami tana da kwana goma da haihuwa, ana dafa mata ruwan wankan jego safe da yamma, kuma kowane tulu daga tafkin yake zuwa.

Zakka ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Baba, ai wannan ba abin shawara ba ne. Duk wanda ya taɓa ruwan nan bana, ni da shi ne.”

Habila ya koma gida da farin ciki. Ya ce wa matarsa Kande, “Mutanen garin nan suna da hankali.” Kuma bai yi ƙarya ba, suna da shi. Ɗai-ɗai ya same su.

Ana nan, sai wani mutum a unguwar gabas ya shiga rumbunsa neman igiya, ya tarar ɓera ya ɓarnata masa homa. Ya fito da ita, ya rataye a danga, ya zauna yana ɗinkewa. Ba shi da wata niyya, ganin ɓarna ne kawai ya dame shi. Maƙwabcinsa ya leƙo ya gani, ya ce a ransa, “Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ya ji wani abu.” Shi ma ya fito da tasa. Kafin yamma, homa biyar suna shan iska a unguwar. Wata mai tallan ƙosai daga ƙauyen gaba ta wuce ta ƙirga su, ta kai labari gida. Ran kasuwa kuwa, labarin ya dawo garin da ya fito, ya yi ƙiba, har ya samu rana. Asabar mai zuwa za a yi su.

Habila ya ji, ya shiga kasuwa yana tambaya. “Wa ya sa ranar?”

“An ce Asabar.”

“Wa ya ce?”

“To, an dai ce.”

Ya bi An-Ce ɗin nan rumfa rumfa bai same shi ba. Mutumin nan ba shi da gida, ba shi da uba, ba a taɓa ganin fuskarsa ba, amma ba maganar wanda ake saurin ɗauka kamar tasa. Habila ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ce babu su bana. Waɗanda suka ji suka ce to. Da ya juya baya sai suka ce wa juna, “Haka yake yi don kada baƙi su yi yawa. In ba gaskiya ba ne, me ya sa kowa yake gyaran homa?” Waɗanda ba su yi niyya ba ma suka gyara tasu, don kada a shiga a bar su a gaɓa hannu wofi.

Sai ya tafi wurin maigari, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, a aika ƙauyukan nan a hana su zuwa.”

Maigari ya shafa gemu. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son ranar da za a gan shi a gefe ɗaya, jama'a a gefe ɗaya. Ya ce, “Habila, ni ma abin yana damuna. Amma magana ta riga ta yi nisa. Ƙauye bakwai! Ka san sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ka je ka lallaɓa su, in sun ji shi ke nan.”

“In ba su ji ba fa, ranka ya daɗe, me za mu sha?”

“Allah yana nan.”

“Yana nan,” in ji Habila. “Shi ya ba mu ruwan kwana hamsin.” Ya tashi ya fita, ransa a ɓace.

Ran Asabar da sassafe, tun kafin ya gama wanke fuska, ya ji gari yana rugugin ƙafafu. Kande ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya. Ta ce, “Maigida, kada ka je. In ba ka nan, ai babu ƙafar da za su jira.”

Ya ce, “Za su jira har rana ta yi zafi, sa'an nan wani ya ce an ce na yarda. Gara su gan ni.”

Ya zauna ya sa takalmansa na fata, ya ɗauko igiyar rama ya ɗaure su tam a idon sawu, ƙulli biyu biyu. Ya durƙusa ya yi gajeriyar addu'a, ya ce, “Ya Ubangiji, ruwan naka ne, mutanen ma naka ne. Ka riƙe mini ƙafata.” Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bai taɓa ganin taro irin na ran nan ba, gama yunwa ta taɓa kowa a shekarar. Mutane sun cika fili tun daga gindin dutse har busasshiyar gaɓa, homa a sama kamar dajin kara. Da suka gan shi suka yi sowa, suka buɗe masa hanya. Ya wuce har gaba, ya tsaya a kan tsattsagaggiyar laka, taki goma tsakaninsa da babban gurbi. Ya ba ruwa baya, ya fuskanci jama'a, ya ɗaga sandarsa.

“Jama'a, ku saurara! Babu su yau! Wannan ne ruwan shanmu!”

Muryar tsoho ba ta wuce sahu na uku ba. Na baya ba su ji komai ba, ba su kuma ga komai ba sai ƙeyar na gabansu. Sun dai ga sanda ta ɗagu, suka ce an kusa. Kowannensu ya matso taki ɗaya don ya gani da kyau. Taki ɗaya ne kawai, ba wanda zai kira shi laifi. Amma taki ɗaya na mutum dubu, in ya iso gaba, ya zama abin da ƙato ba ya iya tarewa.

Sahun gaba ya yunƙuro, Habila ya ja baya taki biyu.

“Ku koma baya, jama'a!”

“Ba mu ba ne, Baba!” in ji wani. “Daga baya ake turowa!”

Kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai yana faɗa yana gyara riƙon homarsa. Can tsakiya wani ya fara cewa, “A shiga! A shiga!” Wasu suka kama, maganar ta zagaye fili, har waɗanda bakinsu ya ce gaskiya ne a ƙofar gidajensu suka shiga amshi. Taro ya sake yunƙurowa. Habila ya ja baya, ya sake ja. Ya ji ƙasa ta fara laushi a ƙarƙashinsa. Ya waiga, ya ga bai fi taƙi ɗaya ba tsakanin diddigensa da ruwa.

Nan ya gane abin da bai gane ba a gida. Ba sa bukatar yardarsa. Tura shi za su yi, ba tare da ko mutum ɗaya ya yi niyya ba, ƙafarsa ta jiƙe da takalmi da igiya da komai, su ce ga alama. Tsoro ya kama shi. Ya kafa sandarsa a laka ya dogara a kanta, ya ce a ransa, sai dai su bi ta kaina.

Ya dubi fuskokin da ke gabansa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ya san su. Ya sha ruwa a gidajensu makon jiya. Ga shi yanzu idanunsu sun wuce ta saman kansa suna kan ruwa, kamar shi kututture ne a hanya. Kuma a tsakiyar sahun gaba, daf da shi, wa zai gani? Zakka. Homa a sama, jijiyar wuya a miƙe, baki a buɗe, yana ta “A shiga!” da muryar da ta fi ta kowa. Ƙirjinsa ya kusa taɓa hancin surukinsa, shi kuwa bai ma san wanda ke gabansa ba.

Fushi ya taso wa Habila, ya ji kamar ya sauke masa sandar a ka. Sai baƙin ciki ya danne fushin, gama ya san yaron nan ba mugu ba ne. Tun ɗazu yake kiran jama'a, jama'a kuwa ba ta da kunne. Kowa yana jin an ce jama'a sai ya ɗauka da na kusa da shi ake. Sai Habila ya daina yi wa jama'a magana. Ya sauke murya, ya dubi mutum ɗaya.

“Zakka. Ina kwana?”

Bakin Zakka ya tsaya a buɗe.

“Zakka ɗan Ayuba, da kai nake. Ka kwana lafiya?”

Idanun maƙerin suka sauko daga kan ruwa, suka sauka a kan furfura. Ya ga uban matarsa ne, ga shi kuma shi a tsaye ƙerere a kansa, da takalmi a ƙafa. Kunya ta rufe shi. Kafin ya yi tunani, gwiwoyinsa sun yi abin da suka saba. Ya sauke homa, ya tsuguna.

“Lafiya lau, Baba.”

Tsugunawa a gaban taro mai turi ba wasa ba ne. Na bayansa suka faɗo masa. Gwiwar wani ta same shi a kunne har jini ya fito, goran wani ya fashe a gadon bayansa. Ya dafa hannu biyu a laka, ya ƙanƙame, bai tashi ba. Habila kuwa ya ci gaba da gaisuwa a hankali, kamar a ƙofar gida suke.

“Ina gajiya?”

“Ba gajiya, Baba.”

“Yaya mai jego da jaririn?”

“Suna lafiya, Baba.”

“Madalla. Ta samu ruwan wanka yau?”

Zakka ya ce, “Ta samu, Baba.”

“Gobe fa?”

Kan Zakka ya ƙara yin ƙasa.

Habila ya juya ga na damansa. “Filibus, ina kwana? Yaya ƙafar tsohuwa, kumburin ya sauka?” Filibus ya dubi Zakka a ƙasa, ya dubi dattijon, ya ji nauyin tsayuwarsa, shi ma ya tsuguna yana cewa da sauƙi. “Ɗanladi, an tashi lafiya? Tunkiyar ta haihu?” Ɗanladi ya tsuguna. Haka ya bi sahun gaba, suna bayan suna, kowa da abin gidansa. Wani sa'ansa da suka yi kiwo tare suna yara ya ji an kira shi, ya yi tsaki don jin kunya, ya zauna daɓas a kan goransa.

Sai ga abin mamaki. Na sahu na uku da na huɗu, ba wanda ya gaishe su, amma da suka ga na gaba sun yi ƙasa, sai suka ce lalle akwai dalili, su ma suka yi ƙasa. Na bayansu suka bi. Tsugunawa ta riƙa tafiya baya sahu sahu, ta hanyar da turi ya biyo ya zo. Da yawa ba su san abin da ya sa suka tsuguna ba, kamar yadda ba su san abin da ya sa suka yi turi ba. Ihu ya yi ta raguwa har ya mutu.

Da kawuna suka sauka, na can baya suka ga abin da ba su gani ba tun safe. Suka ga ɗan tsoho tsaye shi kaɗai da sanda. Suka ga ruwan da ke bayansa, da faɗin busasshiyar lakar da ta kewaye shi. Wani baƙo daga can ƙarshe ya ce da ƙarfi, “Kai! Wannan ne ruwan duka?”

“Shi ne duka,” in ji Habila. Yanzu kowa yana jinsa. “Shi za mu sha har Allah ya kawo hadari.”

Bai rufe baki ba sai aka ji ihu daga ƙetare. A ƙaramin gurbi, wajen giginyu, akwai wani taron na mutanen nesa, waɗanda Habila bai san sunan ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya tsaya a gabansu. An tura wani ya faɗa ruwa, saura suka afka. Ƙarar ruwan ta iso har nan. Habila ya ga kafaɗu suna motsi a gabansa, wuyoyi suna miƙewa. Wani saurayi kusa da Zakka ya yunƙura zai tashi, yana cewa, “Ga shi can an fara, za su cinye!” Zakka bai ɗaga kai ba. Ya miƙa hannun nan nasa na maƙera ya kama idon sawun saurayin, ya ce, “Baba bai gama gaisuwa ba.” Saurayin ya koma ya tsuguna. Habila ya ɗaga murya ya ci gaba da kiran sunaye, har maƙogwaronsa ya bushe, har ƙarar ƙetare ta lafa. Sa'an nan mutane suka fara tashi ɗai-ɗai, kowa ya saɓa homarsa a bushe, ba mai kallon idon wani.

An rasa ƙaramin gurbi. Abin da aka kama a ciki bai fi kwando goma na ƙananan tarwaɗa ba, saura suka mutu a laka suka yi wari. Dabbobi suka dawo kan babban gurbi, ruwan kwana hamsin ya koma na talatin da 'yan kai. Habila ya zauna a kan falalen dutse kullum yana raba shi, tulu biyu kowane gida, daga baya tulu ɗaya. Aka zage shi, aka ce ruwan ubansa ne. Lami ta katse wankan jego tun bai kai arba'in ba. Awaki da yawa suka mutu, da shanu shida. A kwana na talatin da tara, lokacin da ake kwarfar ruwa da ludayi ana tacewa da tsumma, hadari ya haɗu daga gabas. Ba a binne mutum ko ɗaya don ƙishirwa ba.

Bayan an yi shuka, hankali ya kwanta, aka zauna ana hira a kan ranar. Kun san me? Ba a samu mutum ɗaya a garin nan da ya yi turi ba. Kowa turo shi aka yi. Waɗanda suka ce su ne na biyu wajen tsugunawa kuwa sun fi arba'in. Zakka kaɗai ba ya sa baki in ana zancen. Kunnensa na hagu bai ƙara ji sosai ba.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, manya da yara.

Tafkin nan shi ne duk abin da Allah ya ba mu mu rayu a kansa tare, abin da ake daɗewa ana tarawa amma rana ɗaya ta isa a gurɓata shi: zaman lafiyar unguwa, sunan mutumin kirki, zumuncin ikilisiya. Taron kuwa ba wasu miyagu ba ne daga wata ƙasa. Mu ne. Ku lura, duk mutumin da Habila ya samu a ƙofar gidansa ya san gaskiya, ya kuma faɗe ta da bakinsa. Ba a canza musu zuciya a hanyar tafki ba. Abin da ya faru shi ne kowa ya ajiye hankalinsa, ya ɗauki na maƙwabcinsa, maƙwabcin kuwa ya riga ya ajiye nasa yana kallon wani. Haka mutum ɗari masu hankali sukan taru su yi wautar da ko ɗaya cikinsu ba zai yi shi kaɗai ba.

An-Ce yana nan da ransa, yanzu ma har waya gare shi. Saƙo ya shigo, an ce wane ya ci amana, an ce mutanen unguwar can suna shiri. Ba ka gani ba, ba ka tambaya ba, ka tura wa mutum goma, ka ce ai ni turawa kawai na yi. Taki ɗaya ke nan. Kai da ke baya ba ka ganin wanda takinka yake matsewa a gaba. Na sha zama a taron ikilisiya inda aka sa wani ɗan'uwa a tsakiya, kowa yana jefa kalma ɗaya, har waɗanda suka ci tuwo a gidansa. Da aka fito na tambaye su ɗai-ɗai, kowa ya ce shi ma abin bai yi masa daɗi ba. To wa ya yi wa daɗi? Ku yara, a makaranta haka ne in aji ya taru yana yi wa yaro ɗaya dariya. Dariyarka ƙarama ce, amma a kansa take sauka tare da ta saura.

Kada kuma wani ya ce taro mugun abu ne. Allah ya halicce mu masu koyi da juna, shi ya sa gayya take nome gona, shi ya sa waƙa take daɗi in mun haɗa murya. Hanyar da turi ya bi ya zo gaba, ita tsugunawa ta bi ta koma baya. Taro yana jiran wanda zai fara ne kawai. Amma ba zan ruɗe ku ba, wanda ya fara tsugunawa shi yake shan gwiwa a kunne, wanda ya tsaya a gaba kuma ba lalle a gode masa ba. Ba kuma komai za ka ceta ba. Habila bai ceci ƙaramin gurbi ba, amma bai ce tun da an ɓata wancan bari a ɓata wannan ba.

Muryar da ta kira Zakka da sunansa, ita ce muryar Ubangiji a zuciyar mai bi. Ubangiji ba ya kiran mu da jama'a. Ya san sunanka da na mahaifinka, ya san wanda ka bari a gida. A tsakiyar ihu yakan yi magana a hankali, ya ce, wane, kai ne nan? A ranar shari'a ma haka zai kira, mutum ɗaya ɗaya, ba sahu sahu ba. Ran nan ba za a samu na baya da za a nuna ba.

Saboda haka ku ƙudura tun yau, tun kuna zaune cikin natsuwa, gama a tsakiyar turi ba a samun lokacin shawara. Wataƙila kafin mako ya zagayo za ka ji hannu a bayanka, ka ji kowa yana faɗin abu ɗaya, jininka ya fara zafi. In ka ji haka, tsaya. Tambayi wa ya gani da idonsa. In akwai wanda ka sani a wurin, kira shi da sunansa, ka tambaye shi lafiyar gidansa. In ba mai tsugunawa, kai ka tsuguna. Wanda zai kwana da ƙishirwa yawanci ba ya cikin taron, yana gida da tulu yana jira. Kafin ka ɗaga ƙafa, ka san ruwan wa za ka taka.

Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.